Ziyararmu Daudawa: Makewayin Zamani Da Tsarkin Musulmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ruwa da ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda bai bar al'ummarsa cikin duhu ba ko da a kan yadda za su kama ruwa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi zuwa Daudawa, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina. Wani tsohon abokin karatunmu, wanda muka yi Ahalari da Iziyya da Risala a zaure ɗaya kafin shi ya kama fataucin hatsi, shi ne ya gina sabon gida ya aiko mana mu zo mu sa albarka. Abin da muka gani a ɗaki mafi ƙanƙanta na wannan gida shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Mai karatu ya yi mana afuwa idan ya ga mun ambaci wurin da ba a saba ambatonsa a gaban manya ba. Malaman fiƙihu ba su ji nauyin buɗe masa babi a littattafansu ba, domin salla ba ta inganta sai da tsarki, tsarki kuwa daga wannan ɗaki yake farawa.

Mun tashi daga Zariya da hantsi, bayan kaka, muka bi ta Funtuwa. Daudawa tana arewa maso yamma da Funtuwa, a ƙasa mai albarkar noma wadda duwatsu suka yi wa ado nan da can. Tun zamanin Turawa sunan garin ya fita saboda gonar irin auduga da aka kafa a wurin, ga kuma injin gurzar auduga a Funtuwa. A yankin Funtuwa ɗin ne kogin Sakkwato ya samo tushensa. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mai hankali, domin duk ƙazantar da aka zuba a ruwa a nan, akwai wani Musulmi can gangare da zai yi alwala da shi. Yankin yana cikin Jihar Kaduna har zuwa 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Ba za mu ɓoye ba, mun yi tafiyar da rana tsaka ne da gangan. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da suka sha wahalar 'yan bindiga, kuma duniya ba ta manta da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba. Mutumin da ya ɗora tubali a irin wannan wuri ya nuna kyakkyawan zato ga Ubangijinsa, saboda haka muka ga haƙƙi ne mu amsa kiransa.

Da muka isa aka yi mana maraba, aka kawo fura, muka yi salla. Sa'an nan Alhaji ya zaga da mu. Ya nuna mana falo da ɗakunan iyali, amma mun lura hankalinsa yana kan wata ƙofa guda. Da ya buɗe ta sai ga banɗaki wanda aka lulluɓe da tayil tun daga ƙasa har rufi. Tayil ɗin bango an zana masa ganyaye kore shar, na ƙasa kuwa an yi shi kamar tsakuwar rafi, yana ƙyalli kamar madubi. Ga masai na tangaran irin na zama, ga bahon kwanciya, ga famfuna masu ruwan zinariya, ga wata tukunyar fure ta roba a kan taga. Ya ce mana, "Allah Ya gafarta Malam, wannan shi ake yayi yanzu. Ɗana ne ya nuno mini hotonsa a waya, wai ana shigo da daji cikin ɗaki don hankali ya kwanta."

Muka yaba, domin abu ne mai kyau ga ido, kuma Musulunci bai hana ado ba. Amma da muka murɗa famfo don mu wanke hannu, ko ɗigo bai fito ba. A gefe kuwa ga jarka biyu da bokiti da buta. Alhaji ya yi murmushin jin kunya ya ce tankin sama sai an tayar da inji yake cika, man inji kuwa ya yi tsada. Muka tambaye shi lita nawa masan yake sha a kora ɗaya, ya ce 9. Muka tambayi yawan mutanen gidan, ya ce 15. To, idan kowa ya shiga sau 3 a yini, lita 405 ke nan, wato jarka 16 mai cin lita 25, ba a sha ba, ba a yi girki ba, ba a yi wanka ba. Ashe shi ya sa aka kulle ɗakin sai baƙo ya zo, mata da yara kuwa aka bar su da wani rami da aka haƙa cikin gaggawa a bayan gida, babu murfi, babu rufi.

Muka ce a kai mu can. A nan ne abin ya tsaya mana a rai, domin mun auna da ƙafa tsakanin ramin da rijiyar gidan, ba mu sami taku 12 ba. Ramin da ruwan sabon banɗakin yake gangarawa shi ma yana nan kusa. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya sama da idon ruwa da mita ɗaya da rabi, saboda ƙazanta tana tsatsafowa ta cikin ƙasa a hankali, musamman da damina. Wannan hanya ce ta kwalara da zazzaɓin taifot da gudawar yara. Tun a 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi diddigin annobar kwalara har ya kai ta ga famfon rijiya guda, daga baya aka gano ramin ƙazanta ne yake yoyo a kusa da ita. A nan Nijeriya, a 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai.

Shari'a ta riga likitoci faɗar wannan. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hani a kan biyan bukata a hanyar mutane ko inuwarsu, Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Mu'azu ƙarin mashayar ruwa. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan fitsari cikin ruwan da ba ya gudu. Wanda ya haƙa salga a gindin rijiya ya aikata ma'anar abin da aka hana, ko da bai yi nufi ba, kuma cutar ba ta tsayawa a gidansa, domin jijiyar ruwa ba ta san katanga ba. Haƙƙin maƙwabci yana ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake a bisa.

Da la'asar muka nemi a kai mu tsohon gidan mahaifin Alhaji a cikin gari, inda wani baffansa, dattijo wanda ya yi sana'ar gini tun yana saurayi, yake zaune. Gidan ƙasa ne, daga zaure sai shigifa sai tsakar gida. Makewayin yana can ƙurya, nesa da rijiya da madafa, an raba shi biyu da gajeriyar katanga: salga daban, wurin wanka daban. Salgar tana da murfi. Wurin wanka an shimfiɗa masa tsakuwa ta gaske, da wani faffaɗan dutse na tsayawa, ruwa yana bi ta ƙarƙashi ya tafi gindin zogale da lalle. Sama a buɗe take, rana tana shiga tana busar da wurin, reshen darbejiya ya yi masa rumfa. Ga kwanon toka a gefe, ana barbaɗawa a rami don kashe wari, ga soso da sabulun salo. Ba mu ji wari ba, ba mu ga ƙuda ba.

Muka tambayi dattijon yadda suke tsara wurin. Ya ce, "Malam, mu da aka koya mana gini, abu uku ake fara dubawa kafin a sa tubali: ina gabas take, ina rijiya take, ina ruwa yake gangarawa." Ya nuna mana daɓen da aka yi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa wanda yake ƙarfafa ƙasa ya hana ruwa cinye ta. Muka dubi Alhaji muka ce, ga dajin da ɗanka ya gani a waya, baffanka yana da shi tun kafin a haife ka, nasa kuma yana da rai.

Ba mu faɗi haka don mu kushe abin da Turawa suka gano ba. Maganar cewa ganin tsirrai yana taimakon lafiya tana da tushe. A 1984 wani mai bincike Ba'amurke, Roger Ulrich, ya buga sakamakon nazarin majinyata 46 da aka yi wa aikin maɗaciya a wani asibiti na Jihar Pensilbaniya. Rabinsu tagarsu tana duban itatuwa, rabi tana duban bangon bulo. Masu duban itatuwa sun riga barin asibiti da kusan yini guda, kuma ba su bukaci maganin zafi mai ƙarfi kamar sauran ba. A Japan ma tun 1982 hukuma ta fara kwaɗaitar da mutane su riƙa shiga daji suna shaƙar iska don lafiya. Daga irin waɗannan ne masu ƙawata gidaje suka ɗauko yayin launin ƙasa da katako da dutse da ganye. Sai dai abin da majinyatan nan suka gani itace ne mai rai. Furen roba ƙura yake tarawa, zanen ganye a tayil kuwa ba ya ba da inuwa.

Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Gidan wanka na Ƙusairu Amra da ke ƙasar Jodan, Banu Umayya suka gina shi a ƙarni na 8 na Miladiyya. Wanda ya je fadar Alhamra a Garnaɗa ta Andalus zai ga ɗakunan wanka da aka huda rufinsu da siffar taurari don haske ya shiga, tururi ya fita. A Fas da Alƙahira da Dimashƙa ana gina hammam kusa da masallaci. Su waɗancan magabata sun fara da ruwa da haske da iska, sa'an nan ado ya biyo baya. Mu kuwa mun fara da ado, muka bar ruwa sai Allah Ya kawo.

Yanzu bari mu koma ga fiƙihu, domin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su ne masu gina irin waɗannan gidaje, kuma sau da yawa sukan bar wa mai haɗa famfo hukuncin da na malami ne.

Na farko, alƙibla. Hadisin Abu Ayyubal Ansari a Buhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya lokacin biyan bukata, ya umarci mutanen Madina su juya gabas ko yamma. Dalili shi ne alƙiblarsu kudu take. Mu a ƙasar Hausa alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, saboda haka abin da ya dace da mu shi ne kudu ko arewa. Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, bisa hadisin Ibnu Umar wanda ya hango Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, daga saman ɗakin Hafsa yana fuskantar Baitul Maƙdis. Amma wanda yake gini sabo, juya masai ba ya cin ko kwabo, kuma fita daga saɓanin malamai abin so ne. Na gidan Alhaji gabas sak yake duba.

Na biyu, haɗa masai da wurin wanka da wurin alwala a ɗaki ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal hani a kan mutum ya yi fitsari inda yake wanka, saboda waswasin da yake haifarwa. Malamai sun ce idan daɓen mai ƙarfi ne, ruwa kuma yana wucewa, an sami sauƙi. To, amma wannan sharaɗi yana bukatar gangara mai kyau da isasshen ruwa. Inda aka shimfiɗa tayil ba gangara, ruwa yakan kwanta, najasa ta fantsama a ƙafa da bakin wando, mutum ya tafi masallaci da ita. Hadisin kaburbura biyu na Ibnu Abbas ya nuna ɗayansu ana yi masa azaba ne don rashin kiyaye fitsari. Ban da haka, ambaton Allah a wurin najasa abin ƙi ne, alwala kuwa ana so a fara ta da bismilla. Mafita ita ce hikimar dattijon nan: a raba wuraren, ko da da gajeriyar katanga, a kuma fitar da wurin alwala waje, a yi masa ɗan dakali na zama.

Na uku, ruwan kansa. A mazhabarmu ba a ɗauke hadasi sai da ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita da wani abin da yake rabuwa da shi ba. Ruwan rijiya da ƙasa ta sauya shi, ko gansakuka, yana nan da tsarkinsa. Amma bahon da aka cika da kumfa da man ƙamshi, wanda ya kwanta ciki ya fita fes, janabarsa kuwa tana nan. Haka kuma cuɗawa farilla ce a wurin Malikiyya, saboda haka tsayuwa kurum a ƙarƙashin shawa ba ta wadatarwa sai an bi jiki da hannu tare da niyya.

Na huɗu, ɓarna. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu 5. Mudun Annabi cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita guda ba, sa'i kuwa mudu 4 ne. Ashe kora ɗaya ta masan Alhaji ta fi ruwan wankan Fiyayyen Halitta sau biyu ko fiye. A garin da yarinya take tashi da asuba ta bi layin burtsatse, wannan abin dubawa ne. Masai na tsuguno wanda ake korawa da lita 2 ko 3 ya fi dacewa da mu, ya kuma fi sauƙin tsarki da buta. Na zama a ajiye shi don tsofaffi da marasa lafiya, tare da maƙalar hannu a bango.

Na biyar, santsi. Alhaji da kansa ya gaya mana mahaifiyarsa ta zame a kan tayil ɗin nan mako biyu da tarewa, Allah Ya kiyaye ba ta karye ba, amma tun ranar ta koma wanka a tsakar gida bayan zana. Tayil mai ƙyalli na bango ne. Na ƙasa a nemi mai kaushi. Kiyaye rai da gaɓoɓi yana cikin manufofin shari'a, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyarsa ta ƙarshe.

Wani abin mamaki kuma, tangaran da tayil da ake ɗaukowa daga Sin da Italiya da Sifen, ɗaya daga cikin manyan kayan haɗinsu farar ƙasa ce, irin wadda Allah Ya jibge a Ƙanƙara, maƙwabciyar Faskari. Da attajiranmu za su haɗa jari su sarrafa ta a gida, da matasan yankin sun sami abin yi, wanda shi ma maganin wani ɓangare ne na fitinar da ake ciki.

Ga wanda ba shi da halin tayil, kada ya ɗauka an bar shi a baya. Cikin shekarun 1970 a ƙasar Zimbabuwe aka ƙirƙiro salga mai bututun iska. Ana kafa dogon bututu daga rami ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Iskar da take kaɗawa a saman bututun tana zuƙo wari, ƙudan da ke cikin rami kuwa suna bin haske su hau bututu, raga ta tare su har su mutu. Kuɗinta kaɗan ne, ba ta kuma bukatar ruwan kora. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 a ƙasar nan suna bahaya a fili. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin yaƙi da wannan ɗabi'a, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da ita. Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna duba-gari, suna kuma tuna tsaftar dole ta 1985. Amma Musulmi bai kamata ya jira bulala a kan abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe wa babi a cikin Ihya'us Sunna ba. Allah Ya yabi mutanen masallacin da aka kafa bisa taƙawa da son tsarkaka a aya ta 108 ta Suratut Tauba.

Muna kira ga masu hali da su tuna da masallatai da kasuwanni da tashoshin mota da makarantun allo, da kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka tare a manyan garuruwa, gida ɗaya mutum 30, salga ɗaya. Kuɗin bahon kwanciya guda zai gina wa almajirai makewayi. Wannan sadaka ce mai gudana, ko da ba a manna mata allon suna.

Kafin mu baro Daudawa washegari, Alhaji ya kira baffansa da mai haɗa famfo, muka tsaya a tsakar gida aka yi shawara. Aka yanke cewa za a cike ramin da ke kusa da rijiya, a haƙa wani a ƙuryar yamma da bututun iska, a yi wa iyali wurin wanka mai tsakuwa, a dasa zogale da lemun tsami inda ruwan wanka yake fita, a kuma fitar da wurin alwala bakin zaure. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya zana wurin a ƙasa, ya fara da tambayar ina gabas take.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da jikunanmu da gidajenmu, Ya kawo wa Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da sauran ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.